Santsin motsi a sabon talabijin: a kunna, a kashe, ko a ƙara kuɗi a sayi mai 120Hz?

Ranar wata Laraba kawuna ya kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, “Kai, in ka tashi daga aiki ka biyo ta gida. Wannan talabijin da na saya ina jin cutata aka yi.” Kwana uku ke nan da ya ɗauko shi daga wani shago a wajen Taminus a nan Jos, mai inci 55, an kafa masa a bango. Na isa Gangare bayan la'asar, na tarar ya sa wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa wanda ya kalla ya fi sau goma a tsohon akwatinsa mai ƙeya. Hoto ya fita tas, har zaren rigar jarumin kana gani. Amma da jarumin ya miƙe ya nufi ƙofa sai na gane abin da ke damun Kawu. Tafiyar ta yi sulɓi fiye da kima, fadar da aka gina don fim ta koma katako da fenti, kai ka ce wani ne ya raɓe a gefe da waya yana ɗaukar 'yan wasa suna gwaji. “Ka gani ko? Kamar bidiyon biki,” in ji shi. Hajiya, matarsa, tana gefe tana tsince shinkafa ta ce, “Ni dai Alhaji ban ga aibunsa ba. Ai ya fi wancan fita.”

Babu wanda ya cuce shi. Na karɓi rimot, na shiga saitin hoto, na kashe abu ɗaya tak, fim ya dawo fim. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ranar Asabar ya sake kira, wai yanzu ƙwallo ce: in gola ya buga ta sama, ko kyamara ta bi ɗan wasa da gudu, sai hoton ya zama kamar an shafa shi da yatsa. Koken farko gaskiya ne, na biyu ma gaskiya ne, kuma a wasu talabijin abin da ke maganin ɗaya shi ke jawo ɗayan, ko da yake na Kawu ba ya cikinsu. Wanda ke shirin sayen talabijin, ko ya riga ya saya yana faɗa da rimot, gara ya san inda matsalar take kafin ya zaɓi ɓangare.

Talabijin ba motsi yake nunawa ba. Hotuna ne tsayayyu yake jerowa da sauri, ido ya haɗa su. Fim ɗin silima hotuna 24 ake ɗauka a kowane sakan, ƙa'idar da ta zauna tun ƙarshen shekarun 1920 da aka fara haɗa fim da sauti. Shi kuwa talabijin wutar lantarkin ƙasarsa ya bi. Tamu a Najeriya, kamar ta Ingila da sauran Turai, tana juyawa sau 50 a sakan, shi ya sa tsarinmu na PAL ya tsaya a kan 50, na Amurka kuma a kan 60. Tun 1975 da gidan talabijin na Binuwai-Filato a nan Jos ya riga kowa a ƙasar nan watsa hoto mai launi, har zuwa 2016 da aka fara gwajin komawa dijital a garin nan, wannan lamba ta 50 ba ta motsa ba. Ƙwallon da ke zuwa ta dikoda a kan 50 take. Fim 24. Bidiyon waya galibi 30. Shirye-shiryen Hausa masu dogon zango da ake sawa a YouTube kuwa za ka samu 24, ko 25, ko 30, gwargwadon yadda mai kyamara ya saita. Duk wannan tarkacen gilashi ɗaya ne zai nuna shi, kuma gilashin yana da nasa saurin: na yau da kullum yana sabunta hoto sau 50 ko 60 a sakan, mai tsada sau 100 ko 120. Wannan lamba ita ce Hz da ake rubutawa a kwali.

To me ya sa tsohon akwati mai ƙeya, da duk ƙanƙantarsa, bai taɓa shafe wa Kawu ƙwallo ba? Saboda shi walƙiya yake yi. Yana haska kowane ɗigo na ɗan ƙanƙanin lokaci, ya mutu, sai zagaye na gaba. Talabijin na bango, LED ne ko OLED, riƙe hoto yake yi: ya nuna shi ya tsaya cak har na gaba ya iso. A kan 50, kowane hoto yana tsaye na kashi 20 cikin dubu na sakan. Idonka kuwa ba ya tsayawa. In yana bin ƙwallo, tafiya yake yi ba yankewa, ita ƙwallon kuma tana tsaye a wuri ɗaya na wannan ɗan lokaci, sai hotonta ya shafu a cikin idon. Ma'ana rabin hazon ba a gilashin yake ba, a idonka aka yi shi.

Lissafin ba wuya. A ce ƙwallo ta ratsa fuskar talabijin daga wannan gefe zuwa wancan cikin sakan biyu. Talabijin mai 4K yana da ɗigo 3840 a faɗi, wato ƙwallon na cin ɗigo 1920 a sakan. Raba da 50, ka samu kusan ɗigo 38. Faɗin shafewar da ido zai gani ke nan. In hotunan 100 ne a sakan, sai ta ragu zuwa 19. Wannan 4K da mai shago ya yi ta yabo, a hoto mai tsayuwa ne kawai yake cika 4K. Da kyamara ta juya da sauri, an tashi daga wannan zance.

Akwai kuma wasu hazo biyu da ake ɗora wa talabijin laifinsu. Ɗaya na kyamara ne: mai ɗaukar fim yakan bar idon kyamara a buɗe kusan kashi ɗaya cikin 48 na sakan a kowane hoto, don haka hannun da ya wulga ya riga ya shafu tun a wurin ɗauka, kuma da gangan ne. Ɗayan na data ne: in netwok ya ja baya YouTube ya sauke ka zuwa 360p, ko tasha ta matse hotonta don ta samu wuri, ciyawar fili za ta dame ta zama kunu duk lokacin da kyamara ta motsa. Babu saitin da ke gyara waɗannan biyun, kada ka wahalar da rimot.

Abin da kamfanoni suka ƙirƙiro don rage shafewar shi ne ciko. Kwamfutar da ke cikin talabijin tana duba hoto na ɗaya da na biyu, ta yi hasashen inda kowane abu zai kasance a tsakani, ta zana sabon hoto da kyamara ba ta taɓa ɗauka ba, ta cusa shi. Kowa da sunan da ya raɗa masa. A LG TruMotion ne, a Sony Motionflow, a Samsung Auto Motion Plus, a sababbinsu kuma yana ƙarƙashin Picture Clarity, a Panasonic Intelligent Frame Creation. Hisense da TCL, waɗanda suka cika shagunan Ahmadu Bello Way yanzu, sunan yana sauyawa daga samfuri zuwa samfuri, amma in ka shiga saitin hoto ka ga wani abu mai kalmar Motion ko MEMC, shi ne. Kuma kusan kullum a kunne yake zuwa daga kamfani.

A kan fim, cikon nan ɓarna yake yi, a ganina. Hotuna 24 kaɗan ne, kuma wannan ƙarancin shi ne abin da idonmu ya saba kira fim tun muna yara: akwai ɗan nauyi a motsi, akwai ɗan nisa tsakaninka da abin da kake kallo. In aka cike shi ya koma 60 ko 120, kashi mafi yawa na abin da ke gabanka zanen kwamfuta ne. A 120, cikin kowane hoto biyar ɗaya ne kawai na gaske. Turawa suna kiran abin da sunan wasannin kwaikwayon talabijin masu arha da ake ɗauka da kyamarar bidiyo. Kawu bai san wannan ba ya ce bidiyon biki, kuma nasa sunan ya fi dacewa. Masu shirya fim ma sun daɗe suna ƙorafi. A Disambar 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie suka fitar da ɗan gajeren bidiyo suna roƙon mutane su kashe shi, a 2019 kuma ƙungiyar UHD Alliance ta sanar da Filmmaker Mode, da goyon bayan daraktoci irin su Martin Scorsese da Christopher Nolan. Yanayin hoto ne da ke kashe ciko da sauran ƙarin gishiri a taɓawa ɗaya, kuma ana samunsa a LG da Samsung da Panasonic da wasu Hisense na shekarun nan. A Jos, garin da ke da hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya da makarantarta, da kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, ba a rasa masu jin zafin wannan magana. Duk wanda ya taɓa kwana yana tace fim ya san takaicin ganin aikinsa a falon wani yana sulɓi kamar an zuba masa mai.

Sai dai adalci: Hajiya ba ta yi kuskure ba. Ba kowa ne ya ɗauki 24 a matsayin abin girmamawa ba, kuma santsi ba haramun ba ne. An ma taɓa gwada shi daga tushe, lokacin da Peter Jackson ya fitar da The Hobbit a 2012 a kan hotuna 48, masu kallo suka rabu biyu, wasu suka ce ya fi, da yawa suka ce ya zama kamar wasan daɓe. In santsin ya yi maka, talabijin naka ne. Abin da ba na yarda da shi shi ne mutum ya zauna da abin da bai zaɓa ba, don kawai haka aka kawo masa.

Kashewa gaba ɗaya ma tana da nata kuɗin. Da zarar ka kashe, sai ka fara ganin tuntuɓe a wuraren da kyamara ke juyawa a hankali, misali an nuna gari daga sama ko ana bin mota a titi. Tuntuɓen iri biyu ne. Na farko na lissafi ne: 24 ba ta shiga 60 daidai, sau biyu da rabi ne. Sai talabijin ya nuna hoto na farko sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau uku, haka har ƙarshe. Tafiyar sai ta zama ta mai ɗingishi. Gilashi mai 120 ba shi da wannan matsala, don 24 sau biyar 120 ne cif, kowane hoto ya samu rabonsa daidai ba tare da an ƙirƙiri komai ba. Saitin da ke yin wannan daban yake da ciko, kuma shi a bar shi a kunne: Real Cinema ko Cinema Screen a LG, CineMotion ko Film Mode a Sony. Fim ɗin da ya zo ta tashar dikoda kuwa, tsohuwar dabarar ƙasashen PAL ita ce a ɗan ƙara masa sauri daga 24 zuwa 25, kashi huɗu cikin ɗari, sai ya shiga 50 lafiya lau. Shi ya sa mu da muka tashi da kaset da tashoshin gida ba mu san wannan ɗingishi ba sai da kallo ya koma intanet.

Na biyu na ƙarancin hotunan ne kansu, kuma abin mamaki, ya fi fitowa a talabijin mafi tsada. Ɗigon OLED yana sauya launi kusan nan take, don haka kowane hoto yana tsayawa sarai na kusan kashi 42 cikin dubu na sakan, sannan ya yi tsalle zuwa na gaba. Gilashin LED mai arha yana da ɗan jan ƙafa wajen sauya launi, jan ƙafar kuma tana lulluɓe tsallen. Mutum ya tara kuɗi ya sayi OLED, ya kashe ciko don ya ji an ce a kashe, sai ya ga fim yana karkarwa a babban gilashi. An gudu gara an faɗa zago.

A nan ne tsaka-tsaki ke da amfani, kuma shi nake saita wa yawancin mutane. In ka zaɓi Custom a Samsung, ko User Selection a LG, za ka ga ma'auni biyu, kowanne daga 0 zuwa 10. Ɗaya na tuntuɓe ne, Judder Reduction ko De-Judder, ɗayan na hazo, Blur Reduction ko De-Blur. Mutane da yawa ba su san aikinsu daban ba ne. Na tuntuɓe shi ke taɓa abubuwa masu 24 da 25 da 30, shi ne uban bidiyon biki. Na hazo yana aiki ne a kan masu 50 da 60, wato ƙwallo da labarai, ya ninka su zuwa 100 ko 120. Saboda haka kana iya ajiye na tuntuɓe a 1 ko 2, in ya yi yawa 3, ka ɗaga na hazo sama sosai. Fim ya tsira da kamanninsa, ƙwallo ta samu fita. A Sony ma'aunin Smoothness shi ne na ciko, ka bar shi a ƙasa. LG kuma suna da zaɓin Cinematic Movement wanda ciko ne ɗan kaɗan, ga wanda ba ya son wasa da lambobi.

Amma fa ma'aunin hazo a gilashi mai 100 ko 120 kawai ake samunsa. Na Kawu mai 60 ne, da na shiga na tarar ma'auni ɗaya ne kawai. Ga dalilin: ƙwallo ta riga ta zo a 50, gilashin kuma iyakarsa ke nan, babu gurbin da za a cusa sabon hoto. Ko ka ƙure santsi a irin wannan talabijin, ƙwallon ba za ta ƙara fita ba, fim kawai za ka lalata. Haka kuma, wanda ya sayi mai 120 ya kashe komai, ƙwallonsa za ta shafu daidai da ta mai 60, don talabijin ɗin maimaita kowane hoto sau biyu kawai zai yi. Gilashi mai sauri dama ce, ba magani ba ne da kansa. Wannan ne abin da masu shago ba sa faɗa, wataƙila don su ma ba a faɗa musu ba.

A kan ƙwallo ciko ba ya kawo kamannin bidiyon biki, don dama kyamarar bidiyo ce ta ɗauka. Nasa aibun daban ne. Kwamfuta hasashe take yi, kuma ƙaramin abu mai gudu a gaban taron 'yan kallo ko ragar gola yana rikita ta. Sai ka ga ƙwallo ta ɓace na ƙiftawar ido, ko ta zama uku, ko wani kumfa-kumfa ya kewaye ɗan wasa yana gudu. Rubutun fassara a ƙasan fim ma yakan yage in kyamara ta wulga. Talabijin masu kwakwalwa mai ƙarfi suna rage wannan sosai, masu arha kuwa wani lokaci gara a kashe. In ka ga ƙwallo tana rabuwa, sauke ma'aunin mataki biyu ka sake dubawa.

Akwai hanya ta uku da ba ta ƙirƙirar hoto ko ɗaya: a kwaikwayi tsohon akwati. Talabijin ya nuna hoto, ya yi duhu na ɗan lokaci, ya nuna na gaba. Samsung suna kiransa LED Clear Motion ko Clear Motion, LG OLED Motion, a Sony kuma ma'aunin Clearness ne. Yana rage shafewa da gaske, rubutun da ke gudu a ƙasan labarai sai ya karantu. Amma haske yana raguwa ƙwarai, kuma a 50 ko 60 ido yana kama ƙyaftawar, wasu har ciwon kai take sa su. Da dare, an kashe fitila, mutum ɗaya yana kallo, ba laifi. A falo da rana tsaka, labule a buɗe, ban taɓa ganin wanda ya jure shi kwana biyu ba. Wanda ke kan inbata ko sola kuma ya tuna zai ƙure hasken baya ne don ya rama abin da ya rasa.

Masu buga gem nasu a taƙaice yake: a kashe, a shiga Game Mode. Ciko sai ya jira hoto na gaba ya iso kafin ya zana na tsakiya, wannan jira kuma jinkiri ne tsakanin yatsanka da abin da ke faruwa a gilashi. A wasan ƙwallo na PlayStation za ka danna fasin, ɗan wasa ya amsa a makare. Su ne kuma suka fi kowa cin moriyar gilashi mai 120, don PlayStation 5 da Xbox Series X suna iya turo hotuna 120 na gaske a wasu wasannin, har ma a 4K in talabijin yana da ramin HDMI 2.1. Hotuna na gaske ba su da kumfa, ba su da jinkiri.

Ƙanina yana da gidan kallo a Anguwan Rogo, kuma bara ya zo mini da tambayar da ta fi ta Kawu wuya. Kuɗin hannunsa za su sayi ɗaya daga biyu: mai inci 55 da gilashi 120, ko mai inci 65 da gilashi 60. Ya ce, “Yaya, ni ƙwallo kawai nake nunawa, ai mai 120 ɗin ya kamata.” A takarda ya yi gaskiya. Na ce masa mu je mu zauna a bencin ƙarshe. Daga can, lambar rigar ɗan wasa ma da ƙyar ake gani, balle bambancin shafewar ɗigo 38 da 19. Mutumin da ya biya kuɗin shiga yana zaune a baya cikin sanyin Disamba ya ƙudundune da rigar sanyi, girma yake nema da haske, sannan wanda ke gefen bango kada hoto ya koɗe masa. Wannan na ƙarshe ya danganta da irin gilashin: IPS yana riƙe launi in an kalle shi ta gefe, VA kuma baƙinsa ya fi zurfi amma yana koɗewa ta gefe, kuma a wuri mai duhu yakan ja baƙin sawu a bayan abu mai motsi. Ya ɗauki mai 65. OLED ko zancensa ban bari ya yi ba, don tambarin tasha da allon ci suna tsaye wuri ɗaya awanni a kullum, kuma irin wannan ne ke barin tabo a OLED.

Abin da ya fi gyara masa hoto ma ba a talabijin yake ba. Yana da ƙaramin akwatin Android da yake kallon wasu wasannin ta intanet, kuma akwatin a kan 60 yake fitar da hoto tun daga kamfani. Wasa mai 50 ana tura shi cikin 60, sai kyamara ta riƙa ɗan tsalle a kai a kai, shi kuma yana zargin netwok. Muka shiga saitin akwatin muka mayar da shi 50, tsallen ya ɗauke. Kafin ka taɓa santsi, duba wannan tukuna: dikoda da akwatin ƙwallo su zauna a 50. Na'urori irin Apple TV da Fire TV suna da zaɓin bin saurin abin da ake kallo da kansu, a kunna shi.

To wa ya kamata ya ƙara kuɗi? In gidanku dikoda ce da YouTube, labarai, wa'azi, shirin Hausa, ƙwallon ƙarshen mako, mai 60 mai kyau ya wadatar, ragowar kuɗin a sa a girma ko a sitabilaiza, don wutar da ke hawa da sauka ta fi hazon ƙwallo kashe talabijin. In kai mai kallon fim ne na gaske, kana zama kusa da gilashi, kana lura da juyin kyamara, mai 120 zai biya ka ta wajen 24 da ke shiga daidai. In kana da sabon na'urar gem, ko ƙwallo ce rayuwarka kuma a falonka kake kallo taku uku daga bango, nan ma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ni nawa mai 120 ne, na tuntuɓe a 2, na hazo a 8, kuma na yi shekara ban sake taɓawa ba.

Sai a yi hattara da lambar kwali. Motion Rate 120, ko wata lamba mai 200 ko 400 haɗe da sunan da kamfani ya ƙirƙira, ba saurin gilashi ba ne, lissafin talla ne, kuma sau da yawa mai 120 a irin wannan suna gilashinsa 60 ne. Ɗauki lambar samfurin da ke bayan talabijin ka bincika a wayarka kana tsaye a shagon. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka karɓi rimot ka duba ko ma'aunin hazo yana nan. Masu sayen na hannu, waɗanda ake shigowa da su daga waje, su duba inda aka yi shi domin: na kasuwar Turai ya san 50, na kasuwar Amurka kuwa an gina shi a kan 60 da wuta mai ƙarfin volt 120, wasunsu ba sa jituwa da dikodarmu ko da an sa musu taransifoma. Kuma yawancin talabijin na bango da muke kira filasma, ba filasma ba ne. An daina ƙera na gaske tun wajen 2014, duk da cewa a fitar motsi ya fi yawancin LED na yau, saboda shi ma walƙiya yake yi.

In za ka shago, tafi da filashi mai abu uku: guntun wasan ƙwallo mai dogon bugu, wurin fim da kyamara ke juyawa a hankali, da ƙarshen fim inda sunaye ke hawa sama. Bidiyon da suke sawa na furanni da tsuntsaye a hankali yake tafiya da gangan, ba zai nuna maka komai ba. Ka ce wa mai shago, “Malam, don Allah cire mini shi daga yanayin shago, ka mayar da shi na gida.” Wani zai ɓata rai, wani zai miƙo maka rimot ya tsaya yana kallo, ya koyi abin da zai faɗa wa mai saye na gaba.

Na koma gidan Kawu ranar Lahadi. Yawancin talabijin suna riƙe saiti daban ga kowane rami da kowane yanayin hoto, sai na raba musu gado. Ramin dikoda na bar shi ba ciko, tunda gilashin ba zai iya ƙara wa ƙwallo komai ba, na kuma gaya masa gaskiya cewa shafewar nan sai dai haƙuri ko ya matsar da kujera baya kaɗan. Yanayin Movie na kashe masa santsi don finafinansa. Yanayin Standard na bar shi yadda ya zo, na nuna wa Hajiya maɓallin da za ta danna in za ta kalli shirinta na dare. Ta danna sau biyu ta gani, ta ajiye rimot ɗin a ƙarƙashin filon kujerarta.